Cinikin Wayar Salula A Bwari: Riba Mai Kauri Ko Yawan Masu Saye?

Duk wanda ya baro Dutsen Alhaji ya miƙe hanya, ya wuce mararrabar Ushafa ya hau tudu zuwa cikin garin Bwari, ba zai rasa lura da wani abu guda ba tun kafin ya sauka daga mota. Watau yawan shagunan wayar salula da ke jere a bakin titi, da manyan allunan talla masu ɗauke da sunayen Tecno da itel da Infinix, waɗanda suka mamaye goshin kusan kowane shago. A cikin akwatin gilashi an shirya wayoyi sahu-sahu, a gefe ga mai gyara ya duƙufa a kan teburinsa, can kuma ga mai caji da tarin igiyoyi kamar saƙar gizo-gizo. In mutum ya duba da kyau zai ga iPhone ɗaya ko biyu a wani lungu na akwatin, galibi tsofaffi ne irin waɗanda ake kira 'yan Landan, an ajiye su daban kamar baƙi.

Wannan jeri da ake gani a akwatin ɗan kasuwar Bwari hoto ne na wata gardama da manyan kamfanonin duniya suka shafe shekaru suna yi. Shin wanne ya fi: a sayar da kaya kaɗan a ci riba mai kauri, ko a rage riba har ta koma kamar ƙwayar gero domin a tara masu saye? Bahaushe ya san gardamar tun kafin a haifi waya, domin da mai sayar da alkyabba wanda kan yi wata bai yi ciniki ba, da ɗan koli mai allura da zare wanda hannunsa ba ya hutawa, duk a kasuwa ɗaya suke kwana.

Bwari wuri ne da ya dace a duba wannan al'amari, saboda irin mutanen da garin ya tara. A nan hedkwatar Hukumar JAMB take, a nan kuma Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya ta dawo da mazauninta daga Ikko a 1997, ga kuma Jami'ar Veritas. Waɗannan sun kawo ɗalibai da ma'aikata, waɗansunsu 'ya'yan masu hali, waɗanda waya a gare su har da ado. A ɗaya gefen akwai manoma Gbagyi da makiyaya da ke shigowa daga Igu da Kawu da Shere, da ƙananan ma'aikata da tsadar haya ta koro daga tsakiyar Abuja, suna sammako kullum su tafi aiki su komo da dare. Su ne mafiya yawa, kuma abin da suke tambaya a shago bai wuce uku ba: nawa ce, batirinta yana jimawa, in ta lalace akwai kayan gyaranta?

Waya kuwa ta daina zama abin ganin dama. Yaron da zai rubuta jarrabawar shiga jami'a sai ya aika da lambarsa ta ɗan ƙasa ta saƙon waya kafin hukumar ta ba shi lambar yin rajista, da wannan layin kuma zai duba sakamakonsa, ko da yake ranar jarrabawar in aka kama shi da wayar a ɗaki ya shiga uku. Haka nan ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, lokacin canjin Naira, ya tilasta wa mai nama da mai kayan miya karɓar kuɗi ta waya. Wanda bai da ita a wancan lokaci ya ga ciniki yana wuce shi yana kallo.

HANYOYI BIYU

Kamfanin Apple na Amurka shi ne sarkin masu bin hanyar riba mai kauri. Bisa ƙididdigar kamfanin bincike na Counterpoint, a shekarar 2022 wayoyin Apple kashi 18 ne kacal daga cikin 100 na wayoyin zamani da aka fitar a duniya, amma kamfanin ya kwashe kashi 48 na kuɗin cinikin, sa'an nan ya lashe kashi 85 na ribar da masana'antar gaba ɗaya ta samu. Ma'ana, duk sauran kamfanonin da suka ƙera wayoyi huɗu daga cikin kowace biyar, kashi 15 suka raba a tsakaninsu. A shekarar kuɗinsa ta 2023 Apple ya yi cinikin dala miliyan dubu 383, in an haɗa da kwamfutoci da sauran hajojinsa, ya tashi da ribar dala miliyan dubu 97. Watau a cikin kowace Naira 100 da ta shiga aljihunsa, kimanin Naira 25 tasa ce free, ba mai tambayarsa.

Sarkin ɗaya hanyar kuwa, a nahiyar Afirka, shi ne Transsion, kamfanin da mutane da yawa a Bwari ke riƙe da kayansa ba su taɓa jin sunansa ba. Shi ne uban Tecno da itel da Infinix. Wani mutumin ƙasar Sin mai suna Zhu Zhaojiang ya kafa shi a 2006, hedkwatarsa tana birnin Shenzhen, kuma tun daga 2008 ya juya wa kasuwar ƙasarsu baya ya fuskanci Afirka. A 2023 kamfanin ya sayar da wayoyi kimanin miliyan 194, manya da ƙanana, ya yi cinikin kuɗin Sin yuwan miliyan dubu 62, ribarsa kuma ta kama yuwan miliyan dubu 5 da rabi. In aka raba wannan riba a kan yawan wayoyin, abin da ya ci a kan kowace waya bai wuce kimanin dala 4 ba. Ko kuɗin rigar da ake sa wa sabuwar iPhone bai kai ba.

To, yaya aka yi mai cin dala 4 ya zama gagara-badau a nahiya guda? Amsar ita ce ya zauna ya saurari masu saye a lokacin da manya suke ganin ba su isa a saurare su ba. Lokacin da MTN da Econet suka fara aiki a Nijeriya a watan Agusta na 2001, ana kiran minti ɗaya a kan Naira 50, kuma kira daga wani layi zuwa wani ya fi tsada, ga rashin sabis a wurare da yawa. Saboda haka mutane suka riƙa yawo da waya biyu ko uku a aljihu. Tecno ya kawo waya mai cin layi biyu, daga baya har mai huɗu. Ya ga wutar lantarki ba ta da tabbas, sai ya sa batiri mai kwana da wuni. Ya ga kyamarorin da aka ƙera a waje suna mai da fuskar baƙin mutum kamar inuwa, sai ya gyara tasa ta dace da launin fatar masu sayenta. Ya sanya harsunan Hausa da Suwahili da Amhara a cikin wayoyin, ya buɗe masana'antar haɗa su a Habasha a 2011, ya kafa Carlcare domin gyara da kayan gyara. Zuwa 2017 ya ture Samsung daga matsayin na ɗaya a cinikin waya a Afirka, a 2024 kuma ƙididdigar kamfanin Canalys ta nuna kimanin rabin wayoyin zamani da aka shigo da su nahiyar nasa ne.

Dole a ba shi haƙƙinsa. Ba don wannan hanya ta ƙaramar riba ba, da har yau manomin Kawu yana jiran a yi araha, araha kuwa ba ta zo ba.

LISSAFIN MAI SHAGO

Abin da ke faruwa a Shenzhen shi ke faruwa a shago mai faɗin tabarma biyu a Bwari, illa dai alƙaluman sun ƙanƙance. Mai shago yakan saro kayansa daga dilolin Banex Plaza a Wuse, ko daga Computer Village a Ikeja, ko Farm Centre a Kano. Farashin sabuwar waya a kwali sananne ne, domin mai saye kan duba intanet kafin ya fito daga gida, kuma shago goma ne a jere masu irin wayar. In mai shago ya ce albarka, sai mai saye ya taka taku biyar ya taya a maƙwabci. Saboda haka ba wanda ke iya ɗora riba mai yawa a kan sabuwar Tecno ko itel.

Alal misali, a ƙaddara mutum yana da jarin Naira miliyan 1. In ya saro wayoyi 10 a kan Naira 100,000 kowace, ya ɗora Naira 4,000 a kan kowace, ya sayar da su cikin mako guda, ya sami Naira 40,000. In kasuwa ta yi kyau ya juya kuɗin sau huɗu a wata, ya tashi da Naira 160,000. In kuwa ya zuba jarin a kan manyan wayoyi biyu na Naira 500,000 kowace, yana iya cin Naira 40,000 a kan kowace, amma sai ya jira ɗalibin lauya ko babban ma'aikaci ya biyo, wata yana iya ƙarewa ɗaya ce ta fita. Waya kuma ba goro ba ce da za ta ruɓe, amma tana da nata ruɓewar: da zarar kamfani ya fito da sabon samfuri, tsohon ya fita yayi, ya yi kwantai, sai a karya shi a fid da uwar kuɗi in an yi sa'a. A bisa wannan lissafi mai yawan ciniki ne ke gaba, shi ya sa akwatunan Bwari suka cika da wayoyin talakawa.

Sai dai lissafin yana da sharaɗi guda wanda ba a faɗa, watau farashin sari ya tsaya wuri ɗaya tsakanin ranar da aka saro da ranar da za a koma. Wannan sharaɗi ne ya rushe a 2023. A watan Yuni na shekarar Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga kimanin Naira 460 ta haura 750 cikin 'yan kwanaki, zuwa Fabrairun 2024 kuma ta wuce Naira 1,500. Kusan kowace waya da ke cikin ƙasar nan da dala aka shigo da ita. A koma ga mutumin nan mai wayoyi 10. Ya sayar da su duka, ya ƙirga Naira 1,040,000, ya yi hamdala. Ya isa wurin dila ya tarar wayar ta koma Naira 120,000. Guda 8 kuɗinsa za su saya, da 'yar ragowa. A littafi ya ci riba, a akwati kuwa wayoyi biyu sun ɓace, ba ɓarawo, ba gobara. In aka maimaita haka sau uku ko huɗu, sai shago ya koma na sayar da caja.

Mai riba mai kauri yana da kitsen da zai narke kafin a kai ga ƙashi, mai ƙaramar riba kuwa fata ce a kan ƙashi. Wannan ne ya sa 'yan kasuwa suka koyi sa farashi bisa abin da za su sake saro kayan gobe, har masu saye suka riƙa zarginsu da rashin tausayi, ana ganin waya ɗaya a akwati ɗaya ta canza farashi sau biyu a mako. Da Naira ta farfaɗo na ɗan lokaci a watan Afrilu na 2024, dala ta sauko ƙasa da Naira 1,200, sai abin ya juye: wanda ya cika shago da kaya masu tsada ya rasa yadda zai yi, in ya rage ya faɗi, in ya ƙi ragewa maƙwabci ya kwashe masu saye. Gaba kura, baya sayaki. 'Yan kasuwar Bwari kuwa ba su daɗe da miƙewa ba daga gobarar da ta cinye kasuwar garin a rikicin ranar Kirsimeti ta 2017.

Shi ma mai sayen aljihunsa ya rame. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mota daga Bwari zuwa cikin gari ya yi tsalle, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Albashi mafi ƙanƙanta da aka amince da shi a Yulin 2024 Naira 70,000 ne, alhali a lokacin da wuya a sami sabuwar wayar zamani mai ɗan dama a ƙasa da haka. A Janairun 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yarda kamfanonin layi su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100.

INA AKE FANSHEWA?

Mai karatu zai iya tambaya, in riba a kan waya ba ta taka kara ta karya ba, me ake ci? Mai shago dai yana fanshewa a kan ƙananan kaya. Wanda ya sayi waya ba zai fita ba sai an liƙa mata gilashin kariya, an sa mata riga, wataƙila ya ƙara da abin sauraro na kunne da fawa bank. Ba wanda ke duba farashin waɗannan a intanet, kuma ribar da ke kansu, in aka gwada da kuɗin sarinsu, ta ninka ta wayar nesa ba kusa ba. Sau da yawa wayar ƙugiya ce kawai, kifin yana cikin 'yan tarkacen da ke rataye a bango. Haka nan musayar tsohuwa da sabuwa, da cinikin 'yan Landan, inda kowace waya da irin lafiyarta, ba farashi ɗaya da za a kafa hujja da shi.

Manyan kamfanoni ma dabarar ke nan, sai dai tasu ta fi zurfi. Shugaban kamfanin Xiaomi, Lei Jun, ya yi alkawari a bainar jama'a a 2018 cewa ribar kamfaninsa a kan na'urorin da yake ƙerawa ba za ta taɓa wuce kashi 5 cikin 100 ba. Ba sadaka yake yi ba, ya san wayar ƙofa ce, kuɗin yana cikin tallace-tallace da manhajojin da za su biyo ta ƙofar. Transsion ya bi sawu. Manhajar kiɗa ta Boomplay, wadda ta fara fitowa a cikin wata wayar Tecno a 2015, tasa ce tare da kamfanin NetEase. A 2019 ya jagoranci zuba dala miliyan 40 a PalmPay, manhajar aika kuɗi da yanzu ake gani a hannun masu POS. Mai riƙe da waya mai araha ya san yadda talla kan faɗo masa ba sallama, da manhajojin da ya tarar a ciki waɗanda bai nema ba kuma ba su goguwa. Ragowar kuɗin wayar ke nan yake biya da idonsa da datarsa.

Sai kuma bashi, wanda masu iya magana suka ce hanji ne, yana cikin kowa. Kamfanoni irin su Easybuy da M-KOPA suna ba da waya a biya wani kaso a hannu, sauran a riƙa biya a hankali, kullum ko mako-mako ko wata-wata. In mutum ya saɓa lokaci, sai a kulle wayar daga nesa, ta koma kamar dutse a hannunsa har ya biya. Tsarin ya ba ɗan acaɓa da mai kitso damar mallakar abin da ba za su iya tara kuɗinsa a dunƙule ba, wannan gaskiya ne. Amma in aka tattara abin da aka biya daga farko zuwa ƙarshe, ya ɗara farashin shago da tazara mai yawa, kuma masu saye kaɗan ne ke zama su yi wannan jimla kafin su sa hannu. A nan wanda ya fi kowa talauci shi ya fi kowa sayen waya da tsada.

YAWAN JAMA'A BA GANUWA BA NE

Waɗanda suka manyanta sun tuna zamanin Nokia, musamman 3310 da 'yar tocilan nan 1100, lokacin da in an ce waya to ita ake nufi. A ƙarshen 2007 kimanin kashi 40 cikin 100 na wayoyin duniya na Nokia ne. A shekarar ce iPhone ta fito, wayoyin Android suka biyo baya a 2008, kafin shekara shida ta cika Nokia ya amince ya sayar da sashen wayarsa ga Microsoft a kan Yuro miliyan dubu 5.44. BlackBerry ma ta yi tashe a tsakanin samari da 'yan matan Abuja wajen 2011, a 2016 kamfanin ya daina ƙera waya da kansa. Shi kuwa LG na Koriya ta Kudu ya nace yana neman kasuwa yana tafka hasara kusan shekara shida a jere, har ta kai kimanin dala miliyan dubu 4 da rabi, a 2021 ya rufe sashen ya huta.

Yanzu iskar ta fara kaɗawa ta wajen Transsion. Abin da ya gano a 2008, cewa talakan Afirka kasuwa ne, kowa ya gano shi. Xiaomi ya shigo da Redmi, Oppo da Realme da Honor sun biyo, Samsung kuma, wanda ke taka hanyoyin biyu a lokaci guda, yana sayar da jerin S ga masu hali, yana kuma turo jerin A su yi kokawa a akwatin gilashin Bwari. A 2024 kamfanonin Qualcomm da Philips suka kai Transsion kotu a kan haƙƙin fasaha, irin kuɗin da mai cin dala 4 ba ya son jin labarinsa. A rabin farko na 2025 ribarsa ta faɗi da fiye da rabi, ta koma kimanin yuwan miliyan dubu 1.2, duk da cewa har lokacin shi ne na ɗaya a Afirka. A ƙarshen wannan shekara kuma farashin ƙwaƙwalwar ajiya da ake sa wa waya ya yi tashin gwauron zabo, domin kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna wawashe ta saboda manyan rumbunansu na kwamfuta. A waya mai tsada ƙarin yakan ɓace cikin riba. A waya mai araha ba inda zai ɓuya, ko dai a ƙara kuɗi mai saye ya gudu, ko a rage ingancin kayan ciki, ko kamfani ya haɗiye.

Alamu sun nuna kamfanin ya fahimci haka, shi ya sa yake ta ƙoƙarin hawa sama da wayoyi irin su Camon da Phantom, har da mai naɗewa kamar littafi. Amma suna abu ne mai wuyar sauyawa. Wanda ya tara Naira dubu ɗari bakwai a Bwari, sau da yawa ya gwammace tsohuwar iPhone da wani ya gama yayinta a Ingila a kan sabuwar Tecno fil a kwali, domin abin da yake saye har da kallon da za a yi masa in ya ajiye ta a kan tebur.

Mafi yawan mutanen garin dai sun zaɓi hanya ta uku wadda ba ta cikin lissafin Apple ko na Transsion, watau su riƙe wadda ke hannunsu. Wayar da a dā in gilashinta ya fashe ake jefawa a akwati a sayi sabuwa, yanzu wurin mai gyara ake kai ta, a canza fuska, a canza batiri, a gyara wurin caji, in ta sake mutuwa a sake komowa. Da yamma, lokacin da motocin Abuja ke sauke ma'aikata a tasha, mai sababbin wayoyi yakan zauna yana goge ƙurar akwatinsa, bencin mai gyara kuwa ba wurin zama, kowa riƙe da tasa yana jiran a zo kansa.